Kiran 'Yar Fari a Cikin Kurmi

Shekarar da maigidana ya rasu na koma kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi aka manta ba a yi mata aikin ba. Ina tashi, ina salla, ina tuƙa mota daga gidanmu na College Park, kusa da Washington a Amurka, zuwa asibitin da nake aikin jinya, ina dawowa. Miya ko da gishiri ko babu, duk ɗaya ne a bakina. Ranar da na fita takaba matan Hausawanmu suka zo da turare da atamfa, suka yi ta ba ni haƙuri, ina cewa na gode. Ban ma san haƙurin me nake yi ba, don ba abin da nake ji.

A wannan halin babbar 'yata ta gama jami'a. Aiki biyu ta samu. Ɗaya a nan Washington, inda za ta hau jirgin ƙasa na Metro da safe ta dawo gida da yamma, ɗayan kuma can ƙarshen ƙasar, bakin wancan tekun, inda sai an yi rabin wuni a jirgin sama. Ba ta ce ga wanda za ta karɓa ba, ni ma ban tambaya ba. Wata Asabar ina yanka albasa ta tsaya a ƙofar kicin, ta ce da Turanci kamar yadda ta saba, "Mama, kin san tun da Baba ya rasu ba wanda ya kira sunana a gidan nan?"

Na ce, "Miƙo min wancan kwanon."

Gaskiya ta faɗa. Ita ce 'yar fari, kuma a gidan da na tashi mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ma nuna shi a gaban mutane ta ce nata ne. Ni kaina 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take cewa, ko ta ce wa ƙannena su kira mata waccan. Ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba, don in aka raba abinci nakan tsinci ƙarin tsoka a ƙarƙashin tuwona, ita kuwa tana kallon wani wajen. Haka na sani, haka na taho da shi Amurka. Maigidana ne bai damu da wannan ba. Yakan dawo daga ofishinsu na gwamnati da ke unguwar Southwest a Washington, tun daga bakin ƙofa yana ƙwala mata kira, har in ce masa kai dai ba ka da ta ido. Ƙaninta Yaya yake ce mata. Shi kuwa ƙanin, sunansa ina kiransa safe da yamma a gabanta, galibi da faɗa.

Ba a daɗe ba ta shigo da jakunkunan goyo manya guda biyu ta jingine su a falo. Wai ta sa sunanmu cikin wata tawaga da za ta shiga duwatsun West Virginia a ƙafa, da jagora, a yi 'yan kwanaki a dajin da ba a taɓa sare itatuwansa ba. Na ce mata, "Ni da na yi karatu wurjanjan don in daina kwana a ƙasa da ɗebo ruwa a rafi, yau ke kin biya kuɗi a kai ni in yi duka biyun?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce in mun dawo za ta ba masu aikin amsa. Daga nan na gane tafiyar ba ta shan iska ba ce, na je na nemi hutu.

Jagorar Baturiya ce, dattijuwa mai furfura, siririya kamar sandar makiyayi, ba ta da yawan magana. Sauran 'yan tawagar duk Turawa ne, wasu ma'aurata da wani tsoho da ya yi ritaya daga koyarwa, yana tafe da sanduna biyu. A inda muka ajiye motoci ta tara mu ta ba kowa usur, ta faɗi dokokinta. Ba a cire ganye, ba a barin shara, in za ka kama ruwa ka yi nesa da hanya da rafi. In ka ɓata ka zauna inda kake, kada ka yi ta yawo. Sannan ta haɗa mu biyu-biyu, ta ce duk inda aka tsaya kowa zai kira sunan abokin tafiyarsa, shi kuma ya amsa, da haka take sanin an cika.

Aka gwada nan take. 'Yata ta ce, "Mama," na ce na'am. Da aka zo kaina sai na miƙa hannu na taɓa jakarta. Jagorar ta jira. 'Yata ta ce mata, "Ba ta faɗin sunana. Al'ada ce." Yadda ta faɗe shi, kamar tana gaya wa likita ciwon da ya daɗe a jikin mutum. Jagorar ta gyaɗa kai ta ce taɓawar ma ta isa, muka kama hanya.

Jakar nan ta ci kafaɗuna tun kafin azahar. A cikinta akwai tanti rabi, da bargon kwana, da busasshen abincinsu da ake zuba wa ruwan zafi ya kumbura, sai dambun nama da dabino da na cusa ba tare da 'yata ta sani ba. Hijabina yana maƙalewa a rassa, takalmin yana cizo na a diddige. Ina lura da duk wannan yadda nake lura da na marasa lafiya a wurin aiki, in ce a raina ga kumburi nan, ga kanta tana shirin fitowa, amma kamar a ƙafar wata ne.

Da muka shiga ainihin kurmin sai haske ya ragu. Itatuwan sun wuce duk abin da na sani. Na saba da kuka, mai kauri da gajarta, waɗannan kuwa ga kauri ga tsawo, sai ka karya wuya kafin ka ga inda rassan suka fara. Ƙasa taushi kamar katifa, ba a jin takun kowa. Ko'ina ga manyan itatuwa kwance sun faɗi da kansu, gansakuka ta rufe su, ƙananan tsirrai na fitowa daga jikinsu. Jagorar ta ce wasu tsaye suke tun kafin a kafa ƙasar. Turawan suka yi ta dafa su suna sauke ajiyar zuciya, matar nan ɗaya har da hawaye. Ni abin da ya zo min shi ne, wannan itace guda da zai isa unguwarmu girki har damina ta zagayo, an bar shi yana ruɓewa. Na faɗa wa 'yata haka, ta ce, "Mama, don Allah."

Muna yin alwala da ruwan ƙorama mai sanyin da ke huda ƙashi, mu yi sallar ƙasaru a kan rigar ruwa, ita ke nuna min alƙibla da ɗan kamfas na jagorar. In an sauka muna kafa tanti tare, ta riƙe can na riƙe nan. Na san tana jira. Ina ganin yadda take juyowa duk lokacin da na buɗe baki, sai in ce, "Ke, ja igiyar nan," ta ja. Dambun naman ma da na fito da shi, na zuba mata mai yawa ina kallon wani wajen, ta ci ta ce ya yi daɗi, ta ba tsohon nan saura.

Ana gobe za mu fito muka hau wani tudu, gajimare ya sauko ya same mu. Ban taɓa ganin irinsa ba, fari fat, mai jiƙa fuska, itacen da ke gabanka sai ka kusa cin karo da shi. Muka tsaya cin abincin rana kusa da wani rafi. 'Yata ta ajiye jakarta a gefena ta ce za ta zaga ta dawo, ta bi ta bayan wani ƙaton kututture. Na ci dabino. Na cire takalmi na duba diddigena, na mayar. Jagorar ta miƙe ta ce a kira juna, kowa ya kira nasa ya amsa, ni na miƙa hannu na taɓa jakar da ba kowa a jikinta.

Jagorar ba ta ruɗe ba. Ta ce kowa ya tsaya inda yake, ta busa usur, muka saurara. Shiru, sai ƙarar ruwa. Turawan suka fara kiran sunan, a karkace yadda suke kiransa, kowa da nasa lanƙwasawar, gajimaren yana shanye muryoyin. Jagorar ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Muryarki ta fi sani. Kira ta. Ni zan bi rafin in gangara." Ta shige cikin farin nan, ban ƙara ganinta ba.

Na ce, "Ke." Ko tsohon da ke kusa da ni bai juyo ba. Na ƙara ɗaga murya na ce ke, na ji yadda kalmar ba ta nufin kowa a dajin nan. Sai wani abu ya taso min daga mara ya hau ƙirji. Tsoro ne, kuma shi ne abu na farko da na ji a jikina tun ranar da aka fita da maigidana. Na ga wuyan hannunta ranar da aka haife ta, da ɗan abin roba na shaida da suka ɗaura mata a asibiti. Na buɗe baki na kira sunan.

Ya fito da nauyi, harshena bai san hanyarsa ba. Na sake kira, cikakke, yadda aka raɗa mata shi ranar suna. Na yi ta kira har maƙogwarona ya fara zafi, ban san sau nawa ba. Turawan duk suka yi shiru suka bar min. Tsohon ya zo ya riƙe min gwiwar hannu, ban hana shi ba. Ba amsa.

Can muka ji usur daga ƙasa, wani ya amsa masa. Bayan ɗan lokaci suka ɓullo, jagorar a gaba, 'yata a baya, wandonta duk taɓo. Ashe da ta gama ta juyo sai ta rasa hanya, ta bi ƙarar ruwa tana zaton wajenmu ne, har ta kai inda rafin ke zubowa daga kan dutse. Nan ta tuna doka ta zauna. Ruwan ya cika mata kunne, ta ce ko busar farko ba ta ji ba, sai da jagorar ta matso kusa. Ta dube ni ta ce, "Yi haƙuri, Mama." Na ce, "Ɗauki jakarki." Na yi zaton abin da ya taso min zai zauna, amma ina ganinta tsaye da ƙafafunta ya koma inda ya fito, ya bar ni da ciwon maƙogwaro.

Washegari da safe muna naɗe tanti, rana ta fito, itatuwan suna ɗigar da ruwa. Na ga tsohon ya tsaya da ita wajen tace ruwan sha yana mata magana, yana nuna wuyansa, yana nuna ni. Ta dawo ta kama ɗaya gefen tantin, ba ta naɗe ba.

Ta ce, "Ya ce jiya kin kira sunana."

Na ce, "Haka ne."

"Ya ce kin yi ta kira."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Faɗa min in ji."

Ba gajimare, ba rafi, ga ta nan a gabana, tsawon hannu, da idon ubanta. Sunan yana nan a bakina, har na ɗora harshe a inda yake farawa. Na nemi tsoron jiya ko zai taimake ni, ban same shi ba. Abin da na samu shi ne kunyar nan, daram, inda mahaifiyata ta ajiye ta. Na ce, "Ai kin san sunanki. Kama nan mu naɗe, ana jiranmu."

Ta kama muka naɗe. Ta buɗe jakata ta kwashe abin da ya fi nauyi ta mayar cikin tata, ta ɗaure min madaurin ƙugu da kanta, ta wuce gaba. Haka muka gangaro har wajen motoci, ina ganin bayanta yana ɓacewa yana bayyana tsakanin itatuwa. A hanyar komawa ita ta tuƙa. Mun kusa shiga jiharmu ta Maryland ta ce aikin can nesan za ta karɓa, na ce Allah ya sa albarka, ta ce amin.

Kafin sanyi ya shigo ta tafi. Mutanen tawagar nan ban ƙara ganin ko ɗaya ba, ban riƙe sunan kowa ba, da wuya su ma sun riƙe nawa. Amma duk sun ji yadda sunan 'yata yake a bakina. Ita kaɗai ce ba ta ji ba.