Wa Zai Karɓi Tarunan Bana, Nicanor?

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Nicanor Lucero Geraldo a bakin teku, nan San Evodio. Yana tsugune yana kankare cikin kwale-kwalenmu ya ce in miƙo masa ruwa, kafin in juyo ya kife. Likita ya ce zuciya ce. Ya haura saba'in, amma ban taɓa sa shi cikin waɗanda za su mutu kwanan nan ba. Har yanzu in na sauka gaɓa da safe sai in tsaya jiransa, in fara shirya zagin da zan yi masa na makara.

Nicanor, kai ka riƙe 'yata ranar baftismarta, tun daga nan muke kiran juna kompadre. Ni ne a kan inji, kai ne a goshin jirgi, kuma a haka gashinmu ya yi fari. Kana cewa tuƙina kamar na mai gudun surukai, ni kuwa ina cewa Allah bai taɓa halittar mai nawa irinka ba. Mutum ne kai da zai yi rabin safiya yana shan kofi ɗaya.

Ba zan ɓoye abin da kowa ya sani ba. A ƙuruciyarmu babu wanda ya kai ka kashe kubana, faffaɗan kifin nan mai fukafukai da ke tsalle sama ya faɗo daɓas kamar an yar da faifai. Mashinka ba ya kuskure. Da naman kubana, busasshe, aka yi dambun da ya raini rabin garin nan. A lokacin in garkensu ya shigo lungun tekunmu na Tinaja sai ruwa ya yi baƙi. Kai ne kuma ka fara cewa garken na raguwa, tun kafin hukuma ta hana kamunsu. Ka ce mini ka farke wata babba ka tarar da ɗa ɗaya tak a cikinta, kamar mace 'yar Adam, kuma daga ranar dambun ya daina wuce maka maƙogwaro.

Da Dokta Briseida da abokan aikinta suka zo daga La Paz suna neman wanda zai maƙala wa kifin 'yar na'ura a baya, don a riƙa ganin inda suke zuwa da inda suke dawowa, kai ka miƙa hannu. Ka cire tsinin mashinka ka ɗaura na'urar a bakin sandar. Ita ta koya maka karanta ɗigon da ke yawo a fuskar wayarta, kai ka koya mata zama cikin jirgi ba amai. Da wannan aikin aka gane cewa in ruwa ya fara ɗumi sukan kewayo ta kudu su shigo lungunmu, mata da ciki, su yi 'yan makonni su wuce. Aka gane kuma cewa hana mashi bai wadatar ba. Tarunan da muke shimfiɗawa don wasu kifaye su ke shaƙe su, a wayi gari a ja taru a tarar da su a mace, a jefar.

Dokta ta so a kira taro a roƙi masunta su janye taru a wannan lokacin. Ka yi dariya ka ce mata mutumin San Evodio zai ba ka rigarsa in ka roƙa, amma in ka ce ya bar ruwa sai ya ƙara taru biyu don kada a ce an juya shi. Sai ka fito da taka dabarar. Da zarar ɗigon ya nuna garke ya doso, sai ka fara bin gida-gida. Ka zauna, a kawo kofi, ka tambayi lafiyar awaki, ka tsine wa tsadar mai. Can sai ka ɗaga gefen tarun maigida ka girgiza kai.

"Haba Rosendo, wannan taru ne ko labulen tsohuwa? Ai jaki ma zai wuce ta ramin nan. Kawo in ɗinke maka, kada a yi mana dariya."

Shi kuma ya zage ka, ya ce tarunsa ya fi haƙoranka kyau, sannan ya taya ka ɗora shi a mota. Haka za ka tara su a tsakar gidanka, ka zauna ƙarƙashin rumfa kana ɗinki kamar mai ciwon hannu. Wanda ya zo tambaya ka ce zare ne ya ƙare, ko idonka ke ruwa. Mutane su koma kamun ƙugiya suna gunaguni. Ranar da Dokta ta bugo waya cewa garke ya fita, a ranar ɗinki ke ƙarewa, kuma kowane taru ya koma gida ya fi sabo, ba ka karɓi ko kifi ɗaya ba. Kowa ya san abin da ake ciki, ba wanda ya taɓa furtawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma garin nan ya riƙe maka wannan shekara da shekaru.

Shi ya sa hankalina bai kwanta ba, kompadre. Ka tafi a mummunan lokaci. Muna tsakiyar addu'o'in kwana tara Dokta ta ja ni gefe ta nuna mini wayarta. Wadda ka maƙala wa na'ura bara ta riga ta kewayo kudu, kuma ba ita kaɗai take tafiya ba.

Na ɗauki motarka na fara da gidan Rosendo Avilés, don in ya bayar saura za su bi. An kawo kofi. Na tambayi awaki. Amma ka san ni, ban iya kwana-kwana ba, ban kai rabin kofin ba na ɗaga tarunsa na ce ya yage. Ya dube ni ya daɗe, idonsa ja, don shi ma ya yi kukanka.

"Eleuterio, kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkewa? Nicanor nake ba wa, don ina jin nauyinsa. Jikokina uku ke ci a gidan nan. In so kake in janye taruna daga ruwa, faɗi da bakinka."

Ban faɗa ba. Na san in na faɗa, na kashe abin da ka gina, don daga ranar ya zama umarni, kuma ba mai bi. Na shanye kofin na fito raina a ɓace, ban san ko da shi nake fushi ba ko da kai, da ba ka taɓa zaunar da ni ka koya mini riƙe allura ba. Gidaje kaɗan ne suka bayar, su ma don kunyar matarka, Doña Casilda. Tarunansu na nan jibge a ƙarƙashin rumfarka. Doña Casilda ta ce ta iya ƙulli, za ta nuna mini. Jiya mun gwada, ta warware duk abin da na yi.

Yau da safe na hau tudu na duba bakin lungu. Na ga tsalle ɗaya, can nesa. Na ga kuma tulunan da ke tallafe tarun Rosendo suna lilo a kan ruwa, daidai hanyar garken. Ina tsoro, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Allah ya ji ƙanka, Nicanor. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta, ya saka maka da alherin kowane ƙulli da ka yi wa mutane kyauta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Casilda, da 'ya'yanka Maclovio da Herminia, da jikokinka, da Dokta Briseida wadda ta tsaya a bakin kabarinka kamar 'yar cikinka. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma masuntan San Evodio, kafin garken nan ya ƙaraso, Allah ya sa mu ji kunyarka kana kwance kamar yadda muka ji ta kana tsaye.