Damanar da Tarakta ta Yi Kwancin Ƙwan Zabi

Zabuwa ba ta iya kwanci ba. Za ta zuba ƙwai cikin ciyawa tun farkon damina, ta yi tafiyarta, sai dai ka tsince ka sa wa kaza. To kaza nawa gare mu? Wannan ya sa da muka gama ajin yaƙi da jahilci, mu matan unguwarmu a gefen Likoro muka haɗa hannu muka sayo injin ƙyanƙyasa mai aiki da lantarki. Aka ajiye shi a ɗakina, don an ce ni ce ba na gajiya da duba lambar zafi. Kowace mace ta kawo ƙwanta da shaidarta a jikin ɓawon, wata ɗigon lalle, wata baƙin tukunya, masu son nuna sun yi karatu su sa harafi da biro.

Ɗana na fari shi ke tuƙa taraktar wan mahaifinsa. A can Makarfi ya tashi tun da aka yaye shi, kamar yadda aka saba a gidanmu. Ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, na amsa ina kallon wani wuri, in da saƙo sai in ba mahaifinsa ya faɗa masa. Haka uwata ta yi da yayanmu, ban taɓa jin abin ya dame ni ba. Labarinsa a bakin mutane nake ji. A bakinsu na ji ya sayo kan janareto a Zariya, wanda ba shi da injin kansa, sai an haɗa shi da ƙarfen nan mai juyawa a bayan tarakta sannan ya ba da wuta. Da rani yana kai shi gidajen da ake suna ko biki.

A damanar da nake ba da labari, ƙwai sun cika injin, saura 'yan kwanaki su fara fashewa, sai aka yi iska da la'asar ta kayar da turakun wuta a hanyar Makarfi. Kowa ya san gyaran ba na yau ba ne, ba na gobe ba. Ƙaramin janaretonmu na fetur ya ƙone tun bara. Maigida kuma ya tafi Ikara ta'aziyya, sai ya kwana biyu. Na dafa ruwa na ɗura a kwalabe na jera cikin injin, na lulluɓe shi da barguna. Da gari ya waye na ɗaga bargon, na ga zafi yana ta sauka. Da ƙwaina ne ni kaɗai da na haƙura. Amma akwai na wata gwauruwa da ta tara don kayan makarantar jikokinta, akwai na amaryar maƙwabta da ta fara kiwo ke nan.

Na san tarakta tana garinmu, don tun asuba nake jin gurnaninta. Ranar layin wani dattijo ne, abokin wasan surukina marigayi, wanda ya jima yana jiran ƙasa ta jiƙu a yi masa huɗa. A lokacin huɗa ba a tsallake layi, ko ɗan uwanka ne. Na sa hijabi na fita.

Da yaron ya hango ni a bakin gona ya kashe mota ya sauko da sauri, ya durƙusa cikin taɓo. Ya ɗauka mutuwa aka yi. Ni kuwa na juya wajen dattijon, muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi ruwa, na tambayi ƙafarsa da ke ciwo. Sannan na kwashe zancen ƙwai na faɗa masa, na ce ko za a gaya wa mai motar nan, in da hali.

Dattijon ya dube ni, ya dubi yaron.

"Wane mai motar? Ga shi nan gabanki da kunnuwansa biyu. Ni ban haife shi ba."

"Baba, gonarka ce ai."

"Gona tawa ce, na ji. In na hana, tsohuwar matata ma tana da ƙwai a ciki, tuwo zai gagare ni. Amma ba zan yi miki ɗan aike ba, na tsufa. Ki faɗa masa da bakinki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dubi tayar tarakta na ce, "In za ka iya, ka zo ka ba mu wuta."

Ya ce, "To, Inna."

Dattijon ya sa aka fito da shanun huɗarsa da suka daɗe suna hutu, yana ta mita wai duniya ta lalace, ƙarfe ya tafi kwanci kamar kaza ya bar tsofaffi da garma. Kafin azahar maganar ta zagaye gari.

Ban taɓa ganin yaron yana aiki kusa da ni ba sai ranar. Ya ajiye taraktar a bayan katanga, ya ce hayaƙinta ba ya shiri da ɗakin da mutane ke kwana. Ya jawo kan janareton a 'yar amalankensa, ya daidaita shi da bayan motar, ya duba, ya sake gyarawa, ya sake dubawa. Ya kafa wani ƙarfe a ƙasa mai laima ya ɗaure masa waya. Kafin ya taɓa komai ya je ya raba gidanmu da wayar wutar gari. Na ji yana yi wa maƙwabcinmu bayani cewa in ba a yi haka ba, wutar tarakta za ta bi waya ta koma baya, ta sami masu gyara a kan turke suna zaton babu wuta. Maƙwabcin ya so a ja masa waya zuwa shagonsa ta saman katanga. Yaron ya ba shi haƙuri cikin ladabi, ya ce ya kawo wayoyinsa na hannu a yi masa caji a nan.

Da ya tayar da mota, ƙwan fitilar ɗakina ya kawo, fankar cikin injin ta fara juyawa. Na tsaya ina jin ƙararta.

Sai ga shi a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce ba zai iya barin dattijo da garma shi kaɗai ba, alhali shi ya ɗauki alkawarin gonar. Amma dole wani ya zauna da motar. Na ce ya nuna mini. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa a gaban akwatin da ke jikin janareton, ni da shi. Ya nuna mini allura da koren layin da ake so ta tsaya a kai. In ta yi ƙasa a ɗan tura totur, in ta haura a sassauta, don wuta in ta yi yawa ƙona injin za ta yi. Ya nuna mini inda ake kashewa. Sannan ya ce, "Inna, ki ɗaure hijabin nan a ƙugu. Ƙarfen nan in ya kama tufa ba ya saki. Kada ki bi ta bayanta ko kaza ce ta shiga." Na ɗaure. Ya sa na gwada a gabansa har ya gamsu, sannan ya naɗe wando ya tafi.

Ba a bar tarakta tana ci wuni guda ba, man ba zai kai ba. In zafi ya hau, batirin da ya haɗa mana ya cika, sai in kashe in rufe da bargo. In ya fara sauka in tayar. Mata suka riƙa kawo mai a 'yan galan, kowa abin da ta samu, su zauna nesa a tabarma suna tsokanata wai direba. Da yamma yakan dawo jikinsa duk taɓo, ya duba ruwa da baƙin mai, ya ɗauki motar ya yi wa na gaba a layi ɗan abin da ya samu kafin magariba, ya maido ta. Waɗanda aka jinkirta wa huɗa ba duka suka ji daɗi ba. Wani har ƙofar gida ya zo ya faɗi maganganu. Yaron ya saurare shi har ya gama, ya ba shi rana, kuma ya cika.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na fara jin ƙwanƙwasa daga cikin ɓawo, a hankali, kamar ana taɓa ƙwarya da farce. Na leƙa ta gilashi na ga ɗan baki ya huda. Kafin la'asar injin ya cika da kuka. Ba duka suka fito ba. Na jeren ƙasa, inda sanyi ya fi kamawa a ranar farko, da yawa sun mutu a ciki, kuma yawancinsu nawa ne, don nawa na sa a can.

'Ya'yan zabi in sun fito duk kamarsu ɗaya, shaida tana jikin ɓawo. Saboda haka muka baje ɓawon a faifai a tsakar gida, kowace ta tsinci nata, aka ba ta 'ya'ya daidai da shi. Gwauruwar nan ta kawo ƙaramin kwando, ya kasa ɗauka, sai da na ara mata nawa. Ta tsaya a zaure tana sa wa yaron albarka, shi kuma yana kwance ƙarfen daga bayan mota, kansa a sunkuye, don akwai gonar da ke jiransa a hanyar Kudan.