Ƙunshin Karan Inna Dije

A Magarya, a gidan da na tashi, ba a fara tatsuniya sai an gama shigar da gero rumbu, sanyi ya sauko. Kakata Inna Dije ce ke yi mana, kuma tana da wata ƙa'ida da ban taɓa ji a wani gida ba. Bayan isha'i takan ɗauko ƙunshin kara guda ta miƙa wa wanda layi ya zo kansa a cikinmu jikoki. Shi ne mai wuta a ranar. Muddin wutar na ci, Inna na magana. Da wutar ta mutu sai ta yi shiru, ko da a tsakiyar zance take. Ba ta ƙara kara, kuma ba ta komawa kan tatsuniyar da ta yanke.

Kara kuwa ba itace ba ne, kana sa shi zai tashi ya zama toka. Yayata Kulu takan kakkarya nata ta kasa gida uku a gefen tabarma, ta riƙa sawa ɗaya-ɗaya. Mukan zauna cikin rabin duhu muna rawar ɗari muna yi mata tsiya. Amma duk ranar wutarta, sai mun ji ƙarshe.

Ni haske nake so. Ina da shekara goma sha uku ranar da Inna ta kawo labarin wata yarinya da uwarta ta ƙetare gulbi da damina. Uwar ta bar mata ƙwarya ɗaya ta gari, ta ce ta riƙe har ruwa ya janye. Kullum sai wani baƙo ya zo da daɗin baki. Kurciya ta zo ta ce 'ya'yanta na kuka, yarinya ta ɗibar mata. Kura ta zo ta ce ita ƙawar uwar ce, ta ɗibar mata. Ni kuma duk inda labarin ya yi daɗi sai in tura kara uku, huɗu, don in ga fuskar Inna. Gari ya rage tafi ɗaya, sai wani ya buga ƙyaure da murya irin ta uwar. Yarinya ta tashi ta kama sakata. Na lalubi gefena, babu ko kara ɗaya.

Wuta ta mutu. Na roƙi Inna har da kuka. Na ce zan zaro daga dangar gida. Ta gyara mayafinta ta ce, "Maigidana, mi kaka yi wa kuka? Wuta taka ta, kai kac cinye ta. Tashi ka kwanta." Har ta bar duniya ban san wanda ke bayan ƙyauren nan ba.

Ban koyi abin da take nufi ba a lokacin, gaskiya ke nan. Na girma, na shiga noman albasa a Wurno, Allah ya ba ni Hadiza, matar da ta riƙe mini gida. Ina sayar da albasa in miƙa wa Hadiza, ban san yadda take yi kuɗin su kai wata kaka ba. Bara da damina Allah ya yi mata rasuwa.

'Yarmu Nafisa shekararta goma sha biyar. Na ga gara ta koya da hannunta tun ina raye. Ranar Lahadi na ba ta kuɗin cefanen mako ɗaya, na ce ita ce mai gidan, kuma ba zan ƙara ba sai wata Lahadin. Ranar Litinin na dawo daga fadama na tarar da miyar kifi da yakuwa, irin wadda uwarta ke yi. Ranar Talata ma haka. Na ci. Ranar Laraba ta nuna mini abin da ya rage, bai fi na kwana ɗaya ba.

Duk yinin nan ban tsinana komai a gona ba. In ɗauki fartanya in ajiye. Ina da kuɗi a aljihu, kuma na san dalilin da ya sa ta sayi kifin. Sai in ce Inna ta yi mana tsanani, ni yaro ne fa a lokacin. Sai kuma in tuna cewa ita ta ga shekarar da rumbu ya ƙare kafin gero ya nuna, ta san ranar da babu wanda zai ƙara maka. Ta fi son mu fara ɗanɗana wannan a gabanta, inda abin da za mu rasa tatsuniya ce kawai.

Da safiyar Alhamis Nafisa ta same ni ina ɗaura wa babur kaya.

"Baba, da gaske ba ka ƙarawa?"

Na ce da gaske.

Ta dubi aljihuna. Ta tambaye ni ko shayin da nake tsayawa sha a bakin tasha abinci ne. Na ce abinci ne mana.

"To shi ma cikin cefane yake. Kawo kuɗin. Ga kunu can na dama maka, ba sukari."

Na ƙirga mata na kwana uku a tafin hannu. Na sha kunun a tsaye. Da na iso tasha mai shayi ya ɗago mini hannu, na ɗaga masa nawa na wuce.