Mam Shehmus, Mutumin da Ya Ƙi Rufe Ruwan Umm Hajal

Da an idar da sallar asuba, duk mai gida a bakin hanyar tsohuwar ma'ajiyar auduga a Tal Zarin ya san ƙarar babur ɗin Mam Shehmus. Mam a bakinmu na nufin kawu. Babur ne da ya tsufa tare da mai shi, sai an lallaɓa shi yake tashi. Zai wuce da burodi naɗe a ƙyalle, da 'yan zaitun, da butar shayi ɗaure a baya, ya nufi gidan ruwa da ke kan tudu, tsakanin garinmu da ƙauyen Umm Hajal. Yana isa zai zuba dizal, ya tada inji, ya tsaya yana sauraro kamar mai jinya. Sannan ya kama sitiyarin ƙarfe guda biyu ya murza. Ɗaya na sakin ruwa zuwa gare mu Kurdawa, ɗayan na gangarar da shi ga Larabawan Umm Hajal. Sai ya zauna ya sha shayinsa.

Haka yake yi tun ina sabon malamin makaranta, ga shi yau furfura ta gama da ni. A makon jiya ya ajiye aiki. Gwiwoyi sun ƙi, kunnen hagu ya daɗe da mutuwa, hannun ma ba ya iya murza ƙarfen sai da hutu. Tun da yaƙin Siriya ya fara, sunayen da muke ji a rediyo na kwamandoji ne da na matattu. Shi ba kwamanda ba ne, kuma da ransa. Shi ya sa na ce bari in faɗi nasa tun yana iya ji da kunnen da ya rage.

Kada wani ya zaci mutum ne da ba shi da ɓangare. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, amma gwamnati ta rubuta gidansu cikin jerin baƙi 'yan wata ƙasa. Ba katin ɗan ƙasa, ba ikon mallakar gona, aikin ruwan ma a matsayin lebura mai kuɗin yini ya yi rabinsa. Da sojojin gwamnati suka janye daga yankinmu, samarinmu suka ɗauki bindiga suka kafa tuta mai kore da ja da rawaya, na ga Mam Shehmus yana rawa a gefen wutar bikin Newroz, sabuwar shekararmu, har hularsa ta faɗi cikin toka. Ranar da na fara rubuta Kurdanci a allo ba tare da na leƙa ƙofa ba, yana tsaye a bakin taga yana share ido da hannun riga.

"Mamoste," ya ce da ni, don haka ake kiran malami a wajenmu, "ashe zan gani?"

Autarsa Zozan ta bar karatun jinya, ta kitse gashinta gida ɗaya, ta shiga cikin mayaƙa. Matarsa Hediya ta yi kuka har ta gaji. Shi bai hana ba.

Sai dai abin da ya faranta mana rai ya tayar wa kowa hankali. Na tsallaken iyaka suka ce ba za su zauna da ƙasar Kurdawa a bakin ƙofarsu ba, suka jera manyan bindigogi. Na gwamnati a Dimashƙ suka ce aro muka yi, za a zo a karɓa. Mutanen Umm Hajal kuwa, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, suka fara tambaya a hankali: in kun yi ƙasarku, mu ina za ku sa mu? Ba wanda ya ba su amsar da ta kwantar musu da rai. Aka daina zuwa bikin juna. Aka daina zuwa ta'aziyya. Aka wayi gari ba abin da ya rage tsakaninmu sai wannan bututu.

A wata bazara wata mota mai ɗauke da bam ta tarwatse a shingen binciken da ke mashigar gari. Zozan na cikin waɗanda ke tsaron ranar, ba ta tsira ba. Aka ce direban ɗan Umm Hajal ne.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba Mam Shehmus ya koma bakin aiki. A can kwamandan yankin ya same shi. Serbest ne, ɗan maƙwabciyarsa Nafiya, wanda ya tashi a tsakar gidansu tare da Zozan. Ramo mai kawo dizal yana wajen, shi ya ba ni labarin yadda aka yi.

"Sannu da aiki, Mam."

"Yawwa Serbest. Ya Nafiya da ƙafar?"

"Heval Rodi ake ce min yanzu." Sunan yaƙi ne, heval kuwa aboki ke nan a bakin mayaƙa.

"To, Heval ɗin Nafiya, zauna ka sha shayi."

Bai zauna ba. Ya nuna sitiyarin ƙasa da bakin bindiga. "Wancan za ka rufe."

"Ya fashe ne?"

"Kar ka mai da ni yaro, Mam. Sun san wanda ya ɗaura wa motar nan abin da aka ɗaura. Har sai sun miƙo shi, ko ɗigo ba za su gani ba."

"Wa zai miƙo shi? Masu goyo ko goyon?"

"'Yarka ce fa!" Serbest ya daka tsawa. "Ni na tattara ta da hannuna. Kai kana nan kana shayar da su?"

Ramo ya ce tsohon ya ajiye kofin.

"Kai ka tattara, ni na sa a rami," ya ce. "Je ka nemo wanda ya yi, ka kawo shi gabana, wallahi ban yi maka alkawarin zan roƙa masa ba. Amma ni buɗe ruwa aka ɗauke ni. Ban iya ɗayan ba."

Mayaƙan da ke tare da Serbest suka sa shi a bayan mota suka kai shi ma'ajiyar auduga suka kulle. Suka murza sitiyarin da kansu, suka ɗaure shi da sarƙa.

Duk wanda ya san zafin yankinmu na Jazira ya san abin da hakan ke nufi. Kogin Habur ya riga ya koma 'yan kududdufai masu kore. Can matan Umm Hajal suka koma ɗiba, suna tacewa da gefen mayafi. Ba a jima ba amai da gudawa suka shiga yara. Mu a gari famfo na zuba, muna wanke tsakar gida. Mun ji labari. Wasu suka ce Allah ya ƙara, wasu suka sunkuyar da kai, akasari dai kowa ya ja bakinsa, don lokaci ne da magana ɗaya ke sa a tambaye ka kai na wane ne.

Nafiya ce ta fasa shirun. Ofishin mayaƙan yana kallon makarantarmu, don haka da idona na gan ta tafe da hantsi, tana dogara sanda, tana jan ƙafar nan tata mai ciwo. Ta tsaya a gaban mai gadi.

"Kira min wanda na haifa."

"Heval Rodi yana taro, Daye," in ji mai gadin, wato Inna.

"Ni ban haifi Rodi ba. Ka ce Serbest ya fito, ko in shiga in fito da shi da kunne a gaban 'yan taron."

Ya fito yana gyara ɗamara. "Daye, don Allah koma gida. Wannan ba maganar mata ba ce."

"Da ka ba su bindiga maganar mata ce, yau da na zo ba tasu ba ce? Mutumin da ya ɗauke ka a kafaɗa ya kai ka asibiti kana shiɗewa, shi ka kulle da ɓeraye? Uban yarinyar ya ce a bar ruwa, kai wane ne? Ka fi shi jin zafi?"

"Ƙasa muke ginawa, Daye. Ba a gina ta da tausayi."

"To gina. Amma in da ƙishin jarirai za ka kwaɓa ƙasar, ni kar ka ba ni ɗaki a ciki."

Sai ta kai hannu ta zare farin ɗankwalinta ta jefa a ƙasa a gabansa. A wajenmu in tsohuwa ta yi haka, ko wuƙaƙe aka zare sai a mayar. Kanta fari fat a rana, samari duk suka kau da ido. Serbest ya durƙusa ya ɗauka, ya kaɗe ƙurar, ya miƙa mata. Ta ƙi karɓa sai da ya ce a kawo mabuɗi.

Ba na so a ɗauki Serbest mugu. Yaro ne da ya binne abokansa da yawa har barci ya ƙaurace masa. Shi ma bai ga wata bazarar ba. Harsashin babbar bindiga daga tsallake ya same shi a hanya. Mam Shehmus na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ranar da aka saki Mam Shehmus bai biya gida ba. Ya ari guduma a wajen Ramo, ya hau tudu, ya fasa kwaɗon sarƙar. Da yamma sai ga Abu Hummadi, dattijon Umm Hajal, ya hawo a ƙafa. Sun san juna tun suna kiwon tumaki.

"Ba godiya na zo yi ba, Shehmus."

"Ban sa rai ba."

"Jikata Wadha. Shekaranjiya muka binne ta. Ba ta fara tafiya ba ma."

"Allah ya jiƙanta."

"Na ji taka ma. Allah ya ba da haƙuri. Yaron da ya tuƙa motar ɗan ƙanwata ne. Na rantse maka ban sani ba sai da aka yi."

Mam Shehmus ya jawo butar. Ya zuba shayi kofi biyu. Suka zauna suna jin ƙarar inji har shayin ya huce, ba wanda ya kurɓa.

A gari kuwa ba a tarbe shi da guɗa ba. Wani ya rubuta "bawan Larabawa" a bangon gidansa. A layin burodi mutane suka riƙa matsawa. Abin da ya fi masa ciwo Hediya ce. Ta ci gaba da dafa masa tsakin alkama, tana wanke masa kaya, amma ta daina yi masa magana. Tun daga bazara har aka yi shukar alkama, in tana son ce masa abinci ya sauka, sai ta buga cokali a bakin tukunya.

Mam, kai ne ka haɗiye wannan duka ba ka je ka yi wa kowa bayani ba. Kai ne ka goge rubutun bangon da farar ƙasa, aka sake, ka sake gogewa, har mai rubutun ya gaji. Kai ne ranar da aka yi ruwan wuta a kan tudu, kowa ya gudu cikin gonaki, ka tsaya kashe inji don kar ya kama da wuta, ka fito jini na bin wuyanka daga kunne. Uban Zozan, mai shayar da wanda bai gode ba. Ba ka taɓa riƙe bindiga ba, amma ban san wanda ya tsare wani abu a yaƙin nan kamar yadda ka tsare bututun nan ba.

Bayan haka ma ba sauƙi aka samu ba. Wutar lantarki ta ɗauke ba ta dawo ba. Dizal ya yi wuya, wani lokaci sai ya bi masu injin huɗa gona yana roƙon ragowa. Ruwan rijiyar ya yi ƙasa, ya koma rabawa: yau mu, gobe su, kowane ɓangare na zarginsa da fifita ɗayan. Baƙi masu manyan motoci suka zo suka ce suna tare da mu, wata safiya muka ga ƙurarsu. Aka yi sulhu, aka warware, aka sake yi. Rabin ɗalibaina suna maƙabarta, rabin sauran suna Jamus suna turo hotuna. Duk wanda ya zo da tutarsa sai ya hau tudu ya tambayi tsohon shi na wane ne, shi kuma ya ce a matsa masa zai duba mai.

Ranar da ya sauka daga aiki, mu kaɗan ne a tsakar gidansa. Nafiya ta rasu bara. Abu Hummadi bai iya hawowa ba, ya aiko da kwaryar kindirmo. Wanda zai gaji aikin, wani magidanci da ya dawo daga gudun hijira, ya zo ya karɓi mabuɗai ya tafi. Na matsa ta ɓangaren kunnensa mai ji na ce, "Mam, kana ganin za mu samu ƙasar nan kuwa?"

"Ban sani ba, Mamoste. Ina so. Har gobe ina so. Amma na gaji da yawa, ban iya hango nesa yanzu."

Hediya na zuba mana shayi. Na ce mata ina son in rubuta wani abu a kan mijinta, ko tana da abin cewa. Ta ajiye butar.

"Rubuta cewa har yau ban ce ya yi daidai ba. 'Yata ce." Ta gyara mayafi, ta dube shi, shi kuwa bai ji me take cewa ba, yana ta murmushi. "Amma da ya rufe ruwan nan da hannunsa, da ban ƙara iya cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Rubuta wannan ma."

Na rubuta, Hediya.

Mam Shehmus, mun gode. Mun gode a madadin waɗanda suka sha ba su san sunanka ba, da waɗanda suka sani suka zage ka. Allah ya huta da gajiyarka, ya jiƙan Zozan da Wadha da Serbest. Ku kuma da kuka rage a bakin aiki, mai gidan burodi, da mai allura, da direban motar asibiti, wata rana wani mai bindiga zai tsaya a kanku, watakila ɗan unguwarku ne, watakila ma yana da gaskiyar fushinsa, ya ce ku hana waɗancan. Ba zan ce muku abu ne mai sauƙi ba, kun ga abin da ya ci wa tsohon nan. Ku dai tuna an taɓa faɗa wa wani haka, ƙasar kabarin 'yarsa ba ta bushe ba, ya ce a'a.