Malama To-Shi-Fa da Babin Mai Gadi

Kullum da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa, za ka hango ta tafe da lema a hammata ko da babu alamar hadari, da jaka cike da littattafan da aka ɗinke bayansu da zare. Ba ta shiga makaranta kai tsaye. Sai ta tsaya wajen mai shara ta tambayi ciwon gwiwarsa, ta leƙa rumfar mai sayar da biro ta ji ko matarsa ta sauka, sannan ta wuce aji ta buɗe tagogi da hannunta. A gefen tebur take zama, domin kujerar malamai ta ajin tun zamaninmu take da ƙafa uku, kuma na leƙa kwanan nan na tarar har yau ba ta samu ta huɗun ba. A ƙarshen wannan zangon Malama za ta ajiye alli. Da labarin ya iso ni sai na ji kamar an ce mini za a rushe gidan da na tashi a ciki.

Adabi take koyarwa, kuma littafi ɗaya ne ya yi mata suna a wajenmu: tsohon labarin nan da iyayenmu ma suka karanta a makarantar, na saurayin da ya yi fushi da mahaifinsa ya shiga duniya, bai waiwayo gida ba sai da ya ji tsohon yana kwance a asibiti. Mu dai jarumin muke bi, inda ya sa ƙafa nan hankalinmu yake. Ita kuwa ana cikin karatu mai daɗi sai ta ɗaga hannu ta tsayar da mai karantawa. An ambaci wani da ya ɗauko wa jarumi kaya daga tasha, layi ɗaya tak, an wuce. Sai ta cire tabarau ta ce, "To, shi fa? Ina ya nufa bayan ya sauke kayan?" Daga nan muka laƙaba mata Malama To-Shi-Fa. Muna zaton sirri ne, ashe ta daɗe da sani, har takan yi dariya a ofishin malamai.

Idan an gama littafin sai babban aikin shekara ya zo. Za ta rubuta waɗannan mutane na layi ɗaya a kan guntayen takardu, ta zuba a kwalin alli, kowa ya sa hannu ya zaro. Mai ɗaukar kaya, matar da ta ba jarumi ruwa, direban da motarsa ta lalace a hanya, mai gyaran takalmi. Wanda ka zaro, shi za ka rubuta wa babi guda, babin da marubucin bai rubuta ba. Ba ka da ikon canja ko kalma ɗaya daga abin da ya faru a littafin. Kuma kafin ka ɗora biro a takarda, dole ka nemi mai irin wannan sana'ar na gaske ka zauna da shi. Ranar karatu za ka gayyato shi ya zauna a bencinka, ka tsaya gaban allo ka karanta, Malama ta juya ta tambaye shi, "Haka ne?" Amsarsa ita ce rabin makinka.

Ni mai gyaran takalmi na zaro. Na je na zauna da shi kamar mai jiran a sallame shi, na dawo na zabga shafi biyar a kan yadda ya kalli fuskar jarumi ya ga hasken ɗaukaka a goshinsa, ya kasa cin abinci saboda tausayi. Ranar karatu mutumin ya saurare ni har ƙarshe, ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, yaron ya iya magana. Amma ni ƙafa nake kallo. Wallahi ko shi da ya zo wajena, da takalminsa na gane shi yanzu." Aji ya kwashe da dariya, ni ma da ba ni da mafita na taya su. Kusan dukkanmu wannan kuskuren muka yi a shekarar. Mun ɗauka duk wanda jarumi ya gifta ta gabansa ba shi da wani aiki sai tunanin jarumi.

Amma ba don in ba ku dariya na ɗauki alƙalami ba. Akwai abokin zamana a benci, wani dogo siriri da muke kira Tsinke. Ya ba ni izinin in faɗi abin da zan faɗa.

Mahaifiyar Tsinke ta rasu a asibiti a shekarar da ta gabaci wannan aiki. Tun daga nan yaron da muka sani da barkwanci ya koma mai faɗa da kowa. An kore shi na ɗan lokaci sau biyu, shugaban makaranta ya ce na uku ba dawowa. Ba wanda ya san abin da yake cin sa. Da kwalin alli ya zo gabansa ya zaro takarda, sai na ga ya dunƙule ta a tafin hannunsa. Mai gadi ya zaro, wanda duk ajin ya tsana, domin shi ne a littafin ya ce wa jarumi lokacin ziyara ya wuce, ya rufe masa ƙofar asibiti, uban ya cika ba su gana ba.

Malama ta lura. Bayan an tashi ta kira shi ta ce, "Ɗana, in kana so mu musanya maka da wani."

Ya ce, "A'a Malama. Shi nake so. Na san shi."

Bai je wajen kowa ba, ya rubuto shafi uku na zagi tsagwaronsa. A cikinsu ne Malama ta gano abin da bai taɓa faɗa wa ko mahaifinsa ba. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu ya tsaya ƙwallo bayan makaranta, ya iso asibiti da filas ɗin shayinta a makare, mai gadi ya ce ba shiga, ya ja ƙofa ya rufe. Ya roƙa, ya yi kuka, mutumin ko kallonsa bai yi ba. Bai daɗe da komawa gida ba aka shigo da labarin. Shekara guda yaron nan yana kwana yana tashi da tunanin cewa tana can ciki tana kiran sunansa, shi yana bakin ƙofa, kuma ƙwallonsa ce ta jawo.

Da wata malamar ce, da ta rungume shi ta ba shi maki ta rufe maganar, kuma ba wanda zai zarge ta. Malama ta mayar masa da takardunsa ba ko ɗigon jan biro, ta ce, "Wannan babinka ne, kuma na karanta shi da kyau. Amma na mai gadi na ce ka rubuto. Ka zauna da shi?"

Ya ce, "Gara a kore ni."

Ta ce, "Ba dole sai wannan ba. Kowane mai gadi ya isa."

Ya ce, "Ni guda ɗaya na sani."

Ta ɗauki lemarta ta ce, "To mu je. Ni ma ban san me zai ce ba. Idan ya ce abin da ba shi da daɗi, tare za mu ji."

Abin da ya biyo baya daga bakin Tsinke na ji shi. Sun tarar da tsohon a kan bencinsa gefen ƙofa, da 'yar rediyo a cinya. Malama ta gaishe shi, ta yi bayanin aikin makaranta, ta koma ƙarshen benci ta zauna. Tsohon ya ƙura wa Tsinke ido ya ce, "Kai ne mai koren filas." Sannan ya kashe rediyon.

Ya ce tun kafin la'asar wata mata ta fito tana kuka, gwaggon Tsinke ke nan, ta ce masa 'yar'uwarta ta cika tun da rana, uban yara bai iso ba. Ta ce wani yaro dogo da kayan makaranta zai zo da filas, don girman Allah kada ya bar shi ya shiga ya tarar da gadon shi kaɗai. "Da ka zo na gane ka," in ji tsohon. "Na so in gaya maka, amma ba hurumina ba ne, kuma ban san yadda ake faɗa wa yaro irin wannan magana ba. Rufe ƙofa kaɗai na iya, shi na yi. Da na kalle ka da na yi kuka, shi ya sa na kalli ƙasa."

Tsinke ya tambaye shi, "Baba, da na zo da wuri fa? Da ban tsaya ƙwallo ba?"

Ya ce, "Ɗana, kana cikin aji ta tafi. Ko da gudu ka zo, a rufe za ka sami ƙofar."

Tsinke ya ce bai san sanda ya zube a ƙasa ba. Ya ce Malama ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, lemarta kawai ta buɗe ta kare shi daga idon masu wucewa har ya gama kukansa.

Ranar karatu ina wurin, wannan kam da idona na gani. Tsohon ya zo da kakinsa a goge, ya zauna kusa da ni a gurbin Tsinke, gwiwoyinsa suna tokarar tebur. Tsinke ya karanta babin mai gadi. Bai canja komai ba, ƙofar ta rufu kamar yadda take a littafi, jarumi ya koma yana tsinuwa. Amma wannan karon muna ta cikin ƙofa, tare da mutumin da ya san uban ya riga ya cika, yana kallon takalmansa. Malama ta juya ta ce, "Baba, haka ne?"

Tsohon ya ce, "Haka ne. Abu ɗaya ya rage. Na leƙa ta ramin ƙofa ina kallonsa har ya sha kwana."

Tsinke bai sake dukan kowa ba. Ya gama makaranta tare da mu. Yau ma'aikacin jinya ne, kuma abokan aikinsa sun shaida mini cewa idan aka yi rasuwa a ɓangarensu, aka ce akwai yaro a waje, ba ya aika wa mai gadi saƙo. Da kansa yake fita ƙofa, ya zaunar da yaron, ya faɗa masa a hankali.

Malama, ke ce kika yi wannan, ko da yake na san za ki ce littafi ne ya yi. Littafin yana makarantu da yawa, amma ban ji inda aka cika aji da direbobi da masu wanki da masu gadi suna yi wa ɗalibai gyara ba sai a ajinki. Ke ce uwar 'yan gefen shafi. Kin sha gori daga masu cewa wannan aiki ba ya fitowa a jarrabawa, kika ce kin sani, kika ci gaba da yanka takardunki. Ba ki hau muƙami ba, ba a taɓa kiran ki taro an ba ki lambar yabo ba. Mu kanmu da muka girma, idan muna ba da tarihinmu, layi ɗaya muke ba ki: akwai wata malama da ta koya mana adabi. Sai mu wuce zuwa labarin jarumi, wato mu. Ina kewar ajin nan, Malama, ƙamshin alli da ƙarar tagogi da muryarki tana tsayar da karatu. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki.

Ga malaman da za su gaji ajin, kwalin allin yana cikin durowar tebur ta hagu, kada ku bar shi ya zama wajen ajiye tsofaffin alƙaluma. Ga sauranmu kuma, ba sai kana da aji ba. Gobe in ka wuce ta gaban wanda ka saba wucewa, ka ɗan tsaya ka tambayi kanka inda yake nufa idan ya tashi.

Da yake ɗalibinta ne ni, ban yarda in fitar da wannan rubutu ba sai da na cika sharaɗi. Na same ta a gida, na zauna a tabarma, ita tana kan kujera mai ƙafa huɗu cif, na karanta mata daga farko har ƙarshe. Da na kai aya na ce, "Malama, haka ne?"

Ta daɗe tana goge tabarau da gefen mayafinta. Ta ce, "Haka ne, sai dai yabon ya yi yawa." Sannan ta mayar da tabaran ta dube ni. "Amma akwai matar da ta fito tana kuka, ta bar gawar 'yar'uwarta ta zo bakin ƙofa don ta kare yaro. Layi biyu ka ba ta. To, ita fa?"

Na kira Tsinke a waya tun ban bar ƙofar gidan ba. Gwaggon tana nan da ranta, ta tsufa, kuma ya ce har yau ba wanda ya taɓa tambayar ta yadda ta yi a ranar. Ranar Asabar za mu je, ni da shi.