Mai-Baki da Mai-Hannu

Wutar da Inna take ba mu labari a gabanta ba ta itace ba ce. Hita ce ta lantarki mai jajayen sanduna, wadda Baba ya saya a shekarar da ya ɗauko mahaifiyar tasa daga Kano don a yi mata aikin yanar ido. A lokacin muna zaune a unguwar Panyu ta birnin Guangzhou, can sama a wani dogon bene, kuma sanyin garin irin mai laima ne, ta ƙasan ɗaki yake biyowa ya shiga ƙashi. Inna ba ta taɓa kiran abin nan hita ba. Da an idar da sallar magariba sai ta ce, “A hura min wuta.” Umma ta danna maɓalli tana dariya, Inna ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu matso.

Ba ita kaɗai ta zo ba. Ta taho da Habibu, ɗan ƙanwar Baba, wanda ta raina tun yaye, shi ne kuma ɗan jagoranta tun da idon ya dushe. Sa’ana ne, dukanmu ba mu wuce shekara goma ba. Ni kuwa tun ina goye aka kawo ni ƙasar Sin. Baba yana wuni a unguwar Baiyun wajen ɗaure kayan ’yan kasuwa, Umma tana dafa wa baƙi abincin sayarwa, sai na tashi tsakanin makarantar unguwa da ɗakin wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Da Sinanci nake mafarki. Hausata ta aike ce kawai: kawo, kai, na ƙoshi.

Ranar da suka sauka da yamma na durƙusa na ce, “Inna, ina kwana.” Ta yi dariya har da hawaye. Cikin mako guda ta koyi kalma ɗaya ta Sinanci a bakin mai kantin da ke ƙasan benenmu, wato meyo, babu ke nan, kuma a kaina ta fara gwada ta.

“Wannan mijin nawa ɗan Caina, Hausa meyo!”

Habibu kuwa Angona take ce masa. Kuma Habibu yana da baki. Duk abin da ya gani sai ya yi masa waƙa: lif ɗin da ke hawa da mu, tsinkayen cin abinci, karen maƙwabta da ake sa wa riga. ’Yan kasuwar Maraɗi da ke zuwa cin tuwon Umma sukan ajiye loma su saurare shi, suna dafa ciki. Ni ne nake bin Inna asibiti, ni nake faɗa wa likita abin da ke damunta, in faɗa mata abin da ya ce. Ta ce, “Allah ya yi albarka, Nasiru,” shi ke nan, ta waiwaya tana laluben hannun Habibu. “Angona, yi min ta karen nan.”

Sai na shiga sauraronsa, ba don daɗi ba, don in kama shi. Ina zama bayan kujera ina bin kowace kalma. Wadda ban sani ba in tambayi Umma a kicin, in koma in jira ranar da zai yi tuntuɓe. Wata magariba ya yi sabuwar waƙa ta yabon Inna. Yana rufe baki na miƙe na maimaita ta daga farko har ƙarshe da muryar tsokana, sannan na ce, “Ai ba wuya. Kuma a tsakiya ka faɗi kalma ɗaya sau biyu.”

Idon Habibu ya ciko. Umma ta zaburo da takalmi.

“Bar shi, Sa’a,” Inna ta ce wa Umma. Ta shiga juya tafin hannunta a gaban wuta. Can ta ce, “Ku matso. Ta yau daga bayan teku ta fito, sai kun buɗe kunne.”

Ta ce tana budurwa, kafin ta auri kakanmu, ta yi aikin wanki a wani asibitin mishan can wajen Jos. Akwai wata Sista a wurin, ’yar ƙasar Ayalan, tsibirin nan da ke maƙwabtaka da Ingila. In ta keɓe tana ninke zannuwan gado sai ta riƙa rera waƙa da wani yare da sauran Turawan ba sa ji. Inna ta tambaye ta. Sistar ta ce ai su ma Turanci baƙo ne a wurinsu, suna da nasu harshen, kuma da can a ƙasarsu mawaƙi malami ne. Shekaru yake yi yana karatun waƙa. Malami zai ba ɗalibansa abin da za su yi waƙa a kai, kowa ya shiga ɗan ɗaki mai duhu marar taga, ya kwanta ya wuni yana tuƙa baitoci a ka, sai dare a kawo fitila ya rubuta. Kowane sarki yana da mawaƙinsa wanda ya san asalin gidan kaka da kakanni. Da shanu da dawaki ake sallamarsa, zambonsa kuwa har mayaƙa suna tsoro.

“To akwai ɗalibai biyu,” in ji Inna. “Sunayensu sun fi ƙarfin harshena. Mu ce Mai-Baki da Mai-Hannu.”

Mai-Baki in ya kwanta a duhun nan, waƙa ce ke zuwa ta same shi. Mai-Hannu kuwa sai ya wuni idonsa a buɗe, babu abin da ke zuwar masa sai gunagunin Mai-Baki ta bayan bango. Amma rubutunsa kamar an jera tsaba. Malaminsu ya duba ya ce, kai riƙe alƙalami, ka riƙa kwafar na wasu. Aka ɗauki Mai-Baki gidan sarki, aka sa masa riga mai ado. Mai-Hannu bai taɓa taya shi murna ba, amma duk taron da Mai-Baki zai yi waƙa yana can ƙarshen zaure a rakuɓe, kunnensa a miƙe, yana jiran ranar da baiti zai karye.

Ana nan sai mutanen Ingila suka ci ƙasar. Sarakuna wasu aka kashe, wasu suka hau jirgin ruwa ba su sake dawowa ba. Waɗanda aka ba wa gonakin ba sa jin yaren, balle su sallami mawaƙi. Mai-Baki ya koma ƙwadago a gonar wani, yana haƙa da shebur don ya sami dankalin da zai ci. Mai-Hannu yana tara yara a gindin shinge yana koya musu karatu a ɓoye, don an hana su makarantarsu. Amma bakin nan bai mutu ba. A kasuwa, a gidan makoki, Mai-Baki yana rera kukan ƙasarsu, mutane suna share hawaye, Mai-Hannu yana tsaye a baya yana cizon yatsa.

A nan Inna ta sauya murya ta yi ta Mai-Hannu, ƙasa-ƙasa, cike da haushi: “Dubi mutumin nan. Har talaucinsa ya fi nawa daɗin ji.”

Habibu ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da Mai-Baki ya mutu bai bar ko takarda ɗaya ba. Masoyansa suka taru za su tuna waƙoƙin, wannan ya kawo baiti ɗaya, wancan ya kawo rabi. Sun ji, sun yi kuka, sun koma harkarsu. Mutum ɗaya ne kaɗai ya haddace komai, har inda mawaƙin ke jan numfashi. Mai-Hannu ya zauna a bukkarsa mai hayaƙi, ya fiƙe gashin tsuntsu, ya yi ta rubutu yatsunsa suna ƙagewa don sanyi, har ya cika littafi. Ya iso shafin ƙarshe, inda ake sa suna. Babu mai rai da zai ƙaryata shi in ya sa nasa. Ya daɗe alƙalami a sama. Sannan ya rubuta cewa waƙoƙin nan na wane ne, shi kwafa kawai ya yi, kuma kuskuren da ya yi rayuwarsa yana nema bai same shi ba, mai karatu ya yi musu addu’a su biyu.

A nan Inna ta tsaya.

Na ce, “Inna, to wa ya fi a cikinsu?”

“Mai-Baki mana. Wannan har tambaya ce?”

“Shi Mai-Hannun ya daina jin haushi?”

“Ni dai a ganina da abinsa ya mutu.” Ta janye ƙafafunta. “Labari ya isa gida. A kashe min wuta, a ba ni buta.”

Ban sami wani sanyi a labarin nan ba. Na kwanta ina jin an yi mini zambo a gaban Habibu, na kuma ci gaba da farautar kuskurensa fiye da da. Har sanyi ya wuce ina bayan kujera. Kafin su tafi, wani Alhaji daga Maraɗi ya ji ina ba Umma amsa da Hausa tiryan-tiryan, ya tambayi Baba yaushe aka kawo wannan yaron daga Kano. Inna tana zaune, idonta ya warke tana ganin kowa tar, amma ba ta ce uffan ba.

A filin jirgin Baiyun ta dafa kaina ta yi mini addu’a mai tsawo. Sannan ta miƙa wa Habibu hannu, ita da ba ta ƙara bukatar ɗan jagora, suka shige ciki. Har yau in na rako baƙo wurin nan nakan tuna bayansu su biyu. Shi ya ci gaba da samunta shekara da shekaru, shi ne a kanta ranar da ta cika. Ni a waya aka faɗa mini.

Yanzu tafinta nake yi a garin nan, tsakanin ’yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da Yamai da masu masana’antu. Da Hausar da na tsinta a bayan kujera nake ci da iyalina. Da na girma na bi diddigin labarin Inna, na tarar yawancinsa haka yake: ɗakunan duhun, sarakunan da suka tsere ta teku, karatun gindin shinge, da marubutan da suka yi ta kwafar littattafai da hannu, tsara bayan tsara, suna barin ƙorafin sanyi da roƙon addu’a a gefen shafi. Abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru ne Inna ta dunƙule a rayuwar mutum biyu. Su biyun dai ban same su a ko’ina ba, na ce wataƙila labarin ƙauyen su Sista ne.

Bara Habibu ya zo sarin takalma. Na zaga da shi manyan kantunan titin Liuhua Lu, kuma kafin azahar, da kalmomin Sinancinsa da ba su cika hannu ba, ya sa wani mai kanti da na yi shekaru ina ciniki da shi bai taɓa yi mini murmushi ba yana dariya har da dukan tebur. Na ji tsohon haushin nan ya motsa a ƙirjina, yana nan inda na bar shi.

Da muka zauna cin abinci na rera masa waƙar karen nan mai riga. Ya saki baki. Ya manta shi ya yi ta. Daga nan muka gangaro kan Inna, na ce ba abin da ya zauna mini kamar labarin Mai-Baki da Mai-Hannu.

Ya ajiye cokali. “Labarin mawaƙin Sista? Ai na ji shi ya fi a ƙirga, kafin mu zo nan da bayan mun koma. Mutum ɗaya ne a ciki, Nasiru. Ya mutu, waƙoƙinsa suka bi shi, shi ke nan. A ɗakinku ne kaɗai na taɓa jin wani Mai-Hannu. Na ɗauka ruɗewar tsufa ce.”

Ni ma na ajiye nawa cokalin.

“Ni da na yi shekaru ina ɗaukar mata buta,” ya ce yana kallon kwanonsa, “ba ta taɓa sa ni a labari ba.”

Na ce, “Kai ne Mai-Baki ai.”

“Mai-Baki yana nan tun ba a haifi uwata ba. Kai aka ƙera wa mutum sukutum.”

Na daɗe ina ɗaukar cewa tsohuwar nan ba ta gan ni ba, idonta na ciki ma yana kan Habibu. Ashe a daren da ko fuskata ba ta iya rarrabewa, ta ga abin da ke cina sarai. Ba ta ce in daina ba, don ta san ba zan iya ba. Ba ta kuma yi mini ƙaryar cewa na fi shi ba. Ta dai zauna a gaban wutarta ta nema wa hassadata aikin yi, ta sa mini shi a bakin wata Sista da ta daɗe da barin duniya.

Na ɗaga kai na ga Habibu yana kallona da irin idon da na yi rayuwata ina kallonsa da shi. Na san nauyin abin, ba wanda ya fi ni sani, kuma na tausaya masa. Amma sai da na bari na gama jin daɗina tukuna, sannan na tura masa kwanon nama na ce, “Ci, Angon Inna, kada ya huce.”