Idanun da Na Ƙi Manna wa Jirgin Yayana

Shekarun baya, baya ƙwarai, tun haƙorana suna cike a baki, ni baduku ne a Gagarawa. Ba yabon kai ba, a lokacin in ka ga kube ko jakar fata mai sheƙi tsakanin garinmu da Gumel, da wuya a ce ba hannuna ba ne. Na san haka, kuma sanin ya shiga kaina fiye da kima. Jikokina yanzu tsoho mai carbi kawai suke gani, ba su san irin girman kan da na taɓa ɗauka ba.

Wana, wanda nake bi, shi ba ruwansa da dukanci. Da damina noma, in an yi kaka ya shiga daji ɗiban ƙaro a jikin dakwara, yakan kuma taɓa sassaƙa, irin su muciya da ƙota da kujerar mata. Mutum ne marar yawan magana. Yana da mata 'yar garin Ɗanzomo, da 'ya ɗaya tana goye.

Wata rana da hantsi ya shigo gari a guje, ba takalmi, ba jakar ƙaro. Ya tsaya a bakin kasuwa yana cewa ya ga waɗansu abubuwa uku sun wuce ta samansa, daga gabas sun yi yamma, suna ruri, har ya hango kan mutum a cikin ɗaya. Dama tun kafin kaka ana raɗe-raɗin Nasara za su kawo jirgi mai tashi Kano, amma ba wanda ya ɗauki zancen da daraja. Sai aka ce ai labarin ne ya ji a kasuwar Gumel, rana ta buge shi a daji, kansa ya ɗauka. Waɗansu suka ce gamo ya yi. Ya kwanta zazzaɓi kwana uku, wannan kuwa ya ƙara wa masu magana ƙarfi. Ni ma na yi dariyar tare da su, ba zan ɓoye ba.

Ba a yi mako ba surukinsa ya zo da jaki, ya ɗauki 'yarsa da jaririyar. Ya ce ba raba aure ya zo yi ba, amma ba zai bar su hannun wanda ba a san lafiyar kansa ba. In ta tabbata lafiyarsa ƙalau, zai maido su da ƙafarsa.

Daga ranar wana ya daina jayayya da kowa. Ya samo icen dashi, wanda ba shi da nauyi, ya zauna a gindin darbejiyar... a'a, lokacin ma babu darbejiya a garinmu, tsamiya ce. Ya zauna a gindinta yana sassaƙa, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya koma ya ci gaba. Mutane na wucewa suna taɓa baki. Bayan kwana goma sha wani abu, sai ya shigo rumfata da abin a naɗe cikin tsumma. Tsawonsa kamar kamu ɗaya, fuka-fuki hawa biyu, ya tokare tsakaninsu da tsinke, ga wutsiya, ga 'yan ƙafafu da ya yi da ɓawon duma. Ban taɓa ganin irinsa ba, amma na san aiki in na gan shi. Ya yi kyau.

Ya ce, "Baduku, ga nawa na gama, saura naka. A ƙarƙashin fuka-fukan akwai idanu, ɗaya nan, ɗaya nan. Zobe shuɗi a waje, sai fari, sai ja a tsakiya. Ka yanka min da fata ka manna, ka shafe da ƙaro ya yi sheƙi, don na ga yana walƙiya a rana."

Na ce, "Yaya, idanu kuma? Ka faɗa wa wani wannan?"

Ya ce bai faɗa ba, ranar ba a bar shi ya kai nan ba aka fara dariya.

Na ce, "To ka rufa wa kanka asiri. Abu mai idanu a ƙarƙashin fiffike, ai yanzu ne za a tabbatar aljani ka gani. Ka bar zancen a cikinka, ka bar min aikin."

Ya ce, "To, na bari. Amma ka sa su."

Ban sa ba. Dalilin da na ba kaina shi ne tsare masa mutunci nake yi. Gaskiyar magana, ban yarda ya ga komai ba, kuma ban so a ce ga badukun Gagarawa can ya zauna yana yanka wa taɓaɓɓe idanun aljani. Ga shi kuma a ganina zobe uku cikin juna ba ado ba ne, aikin ɗan koyo ne. Sai na kankare fatar akuya har ta koma kamar ɓawon albasa, na rina wata da karan dafi ta yi ja, wata na sa mata kuloko ta yi baƙi, na yayyanka irin adon da nake wa kube, mai tsini-tsini. Na jiƙa su kaɗan suka yi laushi, na shafa ƙaro a bayansu, na ɗora a kan fuka-fukan sama da ƙasa, ina dannawa da tsumma don iska ta fita kada su yi ƙurji. Sannan na jiƙa ƙaro mai kyau, irin wanda shi da kansa ya ɗebo min a bara, na tace shi sau biyu. Da gashin zabo na shafa, na kife akushi a kai ya bushe a inuwa, washegari na sake, har sau huɗu. Da na gama, kana iya ganin fuskarka a jikinsa. Na zauna ina kallo ina jin daɗin kaina.

Da ya zo karɓa, sai ya juya shi ya dubi ƙasan.

Ya ce, "Ina idanun?"

Na ce wannan ya fi kyau, kuma ya fi masa alheri. Ya ce shi ba kyau ya nema ba, abin da ya gani yake so. Ya ce in cire in gyara. Na ce masa aikin gama ya gama, in aka jiƙa yanzu ice zai sha ruwa, fuka-fukan su saki, rini ya zuba, a yi biyu babu. Ƙarya nake. Da ɗanyen tsumma da haƙuri, kaɗan-kaɗan, kafin azahar da na ɗebe su na sa nasa. Shi ma mai ƙaro ne, ya san ƙaro na narkewa, amma ya ɗauka ni na fi shi sanin fata. Ya naɗe abinsa ya tafi.

Bayan kamar wata guda, wani madugu ya sauka garinmu da raƙumansa, daga Kano za shi Maigatari. A zauren mai gari ya ba da labari cewa jiragen nan sun sauka da gaske, guda uku, Kano ta tashi kaf zuwa kallo, shi ma har ya kutsa ya tsaya kusa da ɗaya. Nan da nan aka tuna da wana. Mai gari ya aika can Ɗanzomo aka kira surukin, washegari da safe aka taru, ni ma ina zaune a gefe.

Surukin ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgi dai ya tabbata, ban musa ba. Amma zancensa ya riga shi zuwa. Abin da nake so in sani, yaron nan gani ya yi, ko kuwa ji ya yi kansa ya juye? Ga wanda ya gani da idonsa, a ba shi abin ya duba."

Wana ya kwance tsumma ya miƙa. Madugu ya jujjuya shi, ya yaba sassaƙar, ya ce siffa kam ta yi kama. Sai ya kifa shi ya dubi ƙarƙashi.

Ya ce, "Siffa ana iya ji a bakin mutane. Amma duk wanda abin nan ya wuce ta samansa, akwai abin da ba zai manta ba. Waɗansu manyan zobba ne a ƙasan fiffike, kamar idanu, shuɗi da fari da ja. Nan kuwa adon kube nake gani."

Wana ya miƙe tsaye. Ya ce, "Na gan su. Na faɗa wa ƙanena, na ce ya sa."

Surukin ya yi murmushi ya ce, "Yanzu da ka ji a bakin Madugu?"

Aka ɗan yi dariya. Mai gari ya juyo ya ce, "Baduku, ya faɗa maka haka?"

Duk zauren ya zuba min ido. Akwai masu kawo min aiki a wurin, akwai waɗanda muka yi dariyar farko tare. In na ce e, to na faɗa da bakina cewa an ba ni aiki na canza, na yi ƙarya a kai, kuma ni na hana shi magana. Abin da ya zo min ke nan, ba matarsa ba, ba 'yarsa ba. Na dubi tabarma na ce, "Ranka ya daɗe, ban riƙe ba."

Wana bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Ya dube ni kawai, ya koma ya zauna. Surukin ya kakkaɓe rigarsa ya ce to an ji. Kafin damina aka raba auren, daga baya matar ta auri wani a Sule Tankarkar, yarinyar ta tashi a can.

Na yi niyyar zuwa wurin mai gari in gyara maganata, wallahi na yi. Kullum sai in ce gobe. Da goben ta yi yawa sai na ga ai yanzu ko na faɗa cewa za a yi ɗan'uwa nake karewa. Shi kuwa wana ya zama abin tsokana a gari, in shaho ya gifta sai a ce masa ga jirginka nan. Bayan shuka ya shigo rumfata, ya ajiye jirgin a kan fatun da nake aiki, ya ce, "Riƙe, naka ne, kai ka yi shi." Aka ce an gan shi ya bi ta Maigatari ya yi arewa, ƙasar Damagaram. Na bi sawu sau biyu ban same shi ba. Daga baya wani mai tallan kanwa ya kawo mana labarin rasuwarsa.

Shekaru suka ja, aka shiga babban yaƙin Nasara, jirage suka riƙa wucewa har yara suka daina ɗaga kai. Wata rana ina gona ɗaya ya yi ƙasa-ƙasa ya bi ta kaina. Na ga zobban, manya-manya, ɗaya nan, ɗaya nan. Na yar da fartanya na zauna a kan kunya na yi kuka, ni da furfurata ta fara fitowa. Da na koma gida na sauko da jirgin daga rataya, na jiƙa tsumma, na bi adon nan nawa ina gogewa. Ko wahala bai ba ni ba. Na yanka zobban, na manna, na shafa ƙaro. Kafin azahar na gama, kamar yadda na sani tun farko.

Mutanen garinmu kuwa, waɗanda suka ci naman wana ɗanye, ba wanda ya taɓa cewa ashe mun zalunci bawan Allah. Sun manta. Har yau in na tuna raina yana ɓaci da su, sai kuma in tuna su dariya kawai suka yi, ni aka tambaya.

'Yarsa ta zo min sau ɗaya, tana babbar mace da nata 'ya'yan. Ta gaishe ni ta zauna a bakin rumfa, ta ce, "Baffa, tun ina ƙarama ake ce min 'yar taɓaɓɓe. Kai ne jininsa da ya rage. Da gaske ne?"

Na ɗauko jirgin na ajiye a gabanta, na faɗa mata komai, tun daga idanun har zuwa ban riƙe ba. Ban rage ko kalma ba. Na ce ubanki ya fi duk wanda ke zauren nan lafiya, ki ɗauki wannan, aikin hannunsa ne, ki kuma yafe min.

Ta juya shi ta dubi ƙasan, kamar yadda uban ya yi. Ta shafa zoben da yatsa. Sai ta ajiye a kan tabarma, ta gyara mayafinta.

Ta ce, "Baffa, ashe ka riƙe."

Ba ta ɗauka ba, ba ta kuma sake zuwa ba. Yana nan rataye a ɗakina. Duk shekara in ƙaron ya fara dusashewa nakan sauko da shi in sake shafawa, ko da yake hannun yanzu rawa yake yi. Jikokina suna cewa in ba su su yi wasa, nakan ce ba nawa ba ne.